Darasi na 14: Kulocin hannu idan ya fara zamewa

A ƙasar Adar damina gajera ce. Ruwa kan sauka a watan Yuni, wata shekara sai Yuli, kafin Satumba ya ƙare ya ɗauke, kuma abin da ake samu a kewayen Tahoua bai cika wuce milimita 400 a shekara ba. Yawancin manoman Bambeye da ƙauyukanta da hauya da kalme suke aiki, su haƙa tassa a fako, su zuba taki, su jira shuka. Injinan noma kaɗan ne, shi ya sa wanda ke akwai ba ya samun hutu: yau huɗa a fadama, gobe jan tirelar duwatsu, jibi bulo ko buhunan hatsi. Tun lokacin aikin Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, mutanen Adar suka saba ganin manyan injuna suna farfasa fako. Daga baya ƙananan taraktocin hannu masu taya biyu, ƙirar China, suka shigo, an kuma fi ganin su inda ake lambu da noman rani. Wasunsu sun sha aiki a hannun wasu kafin su zo hannun masu su na yanzu.

Ɗaya daga cikin cututtukan da ke kama irin waɗannan tsofaffin injuna ita ce zamewar kuloci. Sau da yawa gyaranta bai wuce aikin rabin awa da sifana biyu ba, muddin an san wane irin kuloci ne a gaban mutum. Iri biyu ne, kuma abin da ke warkar da ɗaya shi ke kashe ɗayan.

Abin da kuloci ke yi

Inji yana juyi tun daga tayarwa har kashewa. Tayoyi kuwa dole wani lokaci su tsaya, wani lokaci su tafi. Kuloci, wanda makanikan Tahoua suka fi kira ambireyaji, shi ke haɗa juyin inji da akwatin giya, shi ne kuma ke raba su. Ba da haƙora yake haɗa su ba. Da matsi kawai yake riƙewa.

Ku gwada wannan a aji. Mutum ɗaya ya sa faifai tsakanin tafukan hannunsa ya matse, wani ya kama bakin faifan ya yi ƙoƙarin juya shi. In matsin ya yi ƙarfi, faifan ba zai motsa ba sai tare da hannuwan. In mai riƙon ya ɗan sassauta, faifan zai riƙa juyawa yana gogar tafinsa, kuma ba da jimawa ba zai ce zafi. A cikin injin ma faifai ne, na ƙarfe, an manna masa fata mai kaushi a fuska biyu, wasu ƙarafa masu faɗi suna matse shi. Duk ƙarfin da ya fito daga inji bai isa taya ba, zafi yake zama a kan wannan fata. Shi ya sa kulocin da aka bari yana zamewa yini guda cikin aiki mai nauyi zai iya ƙonewa ƙurmus.

Abu uku ke sa shi zamewa: matsi ya ragu, fata ta cinye, ko mai ya shiga tsakani. Na farko kaɗai sifana ke gyarawa.

A fara tabbatarwa

Ba duk rashin ja ba ne laifin kuloci. Ku saurari wannan hira a bakin gareji, tsakanin wani dattijo mai taraktar hannu da makanike:

— Sannu da aiki, ɗana. Injin nan ya gaji, ba ya ja. Ina ga sai an sauke shi.
— Sannu da zuwa, Baba. In kun ɗora mata kaya, kukan injin sauka yake ko hawa?
— Hawa yake sosai, ita kuwa tana nan tsaye.
— Hayaƙi fa?
— Babu baƙin hayaƙi. Sai dai wani ƙauri da ke tashi ta gefe.
— To Baba, injinku lafiyarsa lau. Bari mu fara duba bel.

Tambayar makaniken ita ce mabuɗin. Injin da kukansa ke sauka in kaya ya yi nauyi, yana fitar da baƙin hayaƙi har ya nemi mutuwa, kulocinsa yana riƙe da kyau. Matsalar tana ga injin, ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko kayan ne suka fi ƙarfinsa. Wanda kukansa ke hawa amma tafiya ba ta ƙaruwa, ƙarfinsa yana zubewa ne a hanya. Ga ƙauri, ga murfin kuloci ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa.

Akwai gwaji mai sauƙi. A fili mai laushi, ba kowa a gaba, a tare tayoyi da duwatsu, a sa babbar giya, a ba da totur matsakaici, sannan a haɗa kuloci a hankali. In inji ya mutu, kuloci na riƙewa. In ya ci gaba da kuka abinsa, zamewa yake. Kada gwajin ya wuce daƙiƙa uku ko huɗu, don shi kansa yana cin fata.

Me ya sa makaniken ya ce bel? A taraktar hannu, juyin inji ta igiyoyin roba yake bi kafin ya kai ga kuloci, domin kulocin yana cikin babban fulin da bel ɗin ke juyawa. Bel mai sako-sako yana nuna alamomi kusan iri ɗaya, sai dai shi yakan yi ƙara mai tsini, kuma robar ce ke zafi. A kashe inji, a danna tsakiyar bel da yatsu huɗu. In ya lotsa santimita 2 zuwa 3, daidai ne. In ya wuce haka, a kwance notocin da suka riƙe inji a kan gindinsa, a tura shi gaba kaɗan, a miƙa zare a gefen fulin biyu a ga sun yi layi ɗaya, a ɗaure. Kada a ja shi ya yi tauri ƙam, boris ne zai biya. In bel ɗaya ya tsage, a canja su duka tare, don sabo da tsoho ba su ɗaukar kaya daidai.

Iri biyu

A iri na farko, sifirin ne ke matse faifan kullum. Aikin hannun kuloci shi ne ya ɗage matsin. In aka ja hannun, yana jan wata sanda, sandar ta tura boris, boris ya danna ƴan yatsun ƙarfe guda uku, su kuma su janye ƙarfen da ke matse faifai. Lokacin da kuloci ke haɗe, dole a sami ƴar tazara tsakanin boris da kan yatsun nan. To, yayin da fata ke cinyewa, kan yatsun yana matsowa wajen boris a hankali, tazarar tana raguwa, har wata rana su haɗu. Daga nan sifirin ba ya iya sauke dukkan ƙarfinsa, tamkar direba ya ɗan ja hannun bai saki ba. Maganinsa a mayar da tazarar da ta ɓace. Taraktar hannu irin wannan kuloci gare ta, haka ma manyan taraktoci masu kulocin ƙafa, irin su Massey Ferguson 135 da aka ƙera daga 1964 zuwa 1975.

A iri na biyu babu sifirin mai matsewa. Ƙarfin hannun direba ne ke tura wasu ƴan gaɓoɓin ƙarfe har su haye tsakiya su kulle, a ji ƙas. In fata ta cinye, gaɓoɓin suna hayewa ba tare da sun matse komai ba. Hannun ya yi laushi, ƙas ɗin ya ɓace, wani lokaci ma ya fita da kansa ana tsakiyar aiki. Maganin wannan a ƙara ɗaurewa.

Hannu ne zai gaya muku wanne kuke da shi. In wahalar tana wajen rabawa, haɗawa kuwa sakin hannu ne kawai, mai sifirin ne. In wahalar tana wajen haɗawa, har sai an tura da ƙarfi ya kulle, mai kulli ne. Wanda ya ji an ce kuloci na zamewa sai kawai ya kama sanda ya gajarta ta, a zatonsa ɗaurewa ita ce gyara, in mai sifirin ne ya cinye sauran tazarar ke nan, garin neman gira ya rasa ido.

Gyaran mai sifirin

Za mu ɗauki Dongfeng 12 misali, wadda ake ƙerawa a birnin Changzhou na China, mai inji S195, silinda ɗaya, ƙarfin doki 12, da tukunyar ruwa a kansa. Hannun kulocinta matsayi uku gare shi: haɗawa, rabawa, sai birki in an ja shi har ƙarshe. Kada a rikita shi da ƴan maɗamfai biyu da ke ƙarƙashin mariƙin hagu da dama. Waɗannan na karya kwana ne.

A kashe inji, a mayar da totur wurin kashewa, a cire giya, a tare tayoyi. In daga aiki aka dawo, a bari ƙarfe ya huce. A sa hannun kuloci a matsayin haɗawa, sannan a tsuguna a gefen babban fulin a duba bayansa, inda boris yake fuskantar yatsun uku. Kowane yatsa yana da noti biyu a kan ƙusarsa, ɗaya na saiti, ɗaya na kulle shi.

Tazarar da ake nema tsakanin boris da kan kowane yatsa ita ce milimita 0,4 zuwa 0,7. Ido ba ya auna wannan. Makanikai suna da ma'auninsa, wasu siraran ƙarafa da aka haɗa wuri ɗaya, kowanne da lambar kaurinsa a jiki. In babu, a nemi guntun zarton yankan ƙarfe: kaurinsa kusan milimita 0,6 ne, sai dai a yi amfani da bayansa mai sulɓi, ba wajen haƙora ba, don haƙoran a karkace suke sun fi jikin faɗi. A zura shi tsakanin boris da yatsa. Abin da ake so shi ne ya shiga yana ɗan gogawa, ba ya lilo, ba kuma sai an tura da ƙarfi ba.

In bai shiga ba, a riƙe notin saiti da sifana ɗaya, a kwance na kulli da ɗaya, a juya na saiti kaɗan, a sake aunawa. Idanunku na kan yatsan: in yana ja da baya daga boris, hanyar da kuka juya daidai ce. In tazara ta yi, a riƙe na saiti kada ya motsa, a ɗaure na kulli, a sake aunawa, domin ɗaurewar kanta takan ɗan janye shi. Sai a juya fulin da hannu a kawo yatsa na biyu, sannan na uku.

A nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Yatsun uku dole tazararsu ta zama ɗaya. In ɗaya ya riga sauran taɓa boris, ƙarfen matsi zai ɗagu a karkace, tarakta ta riƙa fizga wajen tashi, fata ta cinye gefe guda, boris ya mutu da wuri. A ganina, gara tazarar ta tsaya a 0,7 duka ukun da a sami ɗaya a 0,4 biyu a 0,6, ko da yake kowace lamba a cikinsu tana cikin ƙa'ida.

Bayan haka a duba hannun kansa. Daga matsayin haɗawa, ya kamata ya yi wasa na santimita 2,5 zuwa 3 kafin a ji ya fara ɗaukar nauyi. Ana daidaita wannan da tsawaita ko gajarta sandar da ta taso daga hannun. Sai a tayar da inji a gwada ɗaya ɓangaren: a ja hannun zuwa rabawa, a sa giya. In ta shiga shiru, tarakta ba ta rarrafe, an dace. In haƙora suka yi ƙara, tazara ta yi yawa, kuloci ba ya rabuwa sosai, a rage kaɗan. A ƙarshe a ja har birki a tabbata yana kamawa, don taɓa sandar nan yana shafar shi. Wasu samfuran tazararsu ta ɗan gaza wannan. In littafin injin yana nan, shi ne alƙali.

Gyaran mai kulli

Inda wannan iri ya fi suna shi ne Amurka, a tsofaffin taraktocin John Deere masu silinda biyu da aka ƙera a garin Waterloo na jihar Iowa, kamar samfurin A na 1934 zuwa 1952 da samfurin B na 1935 zuwa 1952. Kulocinsu a waje yake, cikin fulin da ke gefen dama, shi ya sa manomi kan gyara abinsa a gona. Ana tura hannun gaba ya kulle, a cire murfin fulin, sai ga noti uku masu tsaga a kai, kowanne an soke shi da fil mai baki biyu. A zare fil, a ɗaure kowane noti tsaga ɗaya tak, duka ukun daidai wa daida, a mayar da fil, a gwada hannun. In bai yi ƙas ba, a ƙara tsaga ɗaya a kowanne. Ƙarfin da ake so a ƙarshen hannun wajen kullewa kimanin kilo 18 zuwa 36 ne, kuma ana iya auna shi da sikelin ƙugiya irin na masu awon buhu.

Abin da ya sa muke koyon wannan a Adar shi ne, irin kulocin yana nan a jikin manyan injinan da ke tsaye wuri ɗaya suna juya famfon ruwa ko wasu na'urori, da kuma tsofaffin katafila. Kamfanin Twin Disc na Amurka, wanda aka kafa a 1918, ya shahara da ƙera su. A waɗannan, maimakon noti uku, zobe ne guda mai tsaga-tsaga. A kashe inji, a raba kuloci, a buɗe ƴar tagar da ke jikin murfi, a juya shi da hannu har makullin zoben ya bayyana, a zare makullin, a juya zoben dama tsaga ɗaya, a mayar da makullin ya zauna a gurbinsa. Dokar dai ɗaya ce: tsaga ɗaya, gwaji, tsaga ɗaya, gwaji. Wanda ya ɗaure uku a tashi guda zai iske hannun ya ƙi kullewa, kuma kulocin da bai kulle ba direba ne ke riƙe shi da ƙarfin damtse, yana zamewa yana ƙonewa.

Inda sifana ba ta kaiwa

In an daidaita komai amma zamewa ba ta daina ba, ko zaren noti ya ƙare babu sauran wurin juyawa, sai a kwance a duba ciki. Fatar da ta cinye har ta yi daidai da kan ƙusoshin da suka riƙe ta, ta gama aiki. In aka bar ta, ƙusoshin za su sassaƙa ƙarfen matsi, kuɗin gyara ya ninka. Ƙarfen da ya yi shuɗi ko ya tsattsage zafi ne ya dafa shi. Sifirin ma zafi na kashe su: a jera su tsaye a kan tebur, wanda ya gajarta zai nuna kansa, a canja su duka. Sa washa a ƙarƙashin sifirin don ƙara masa ƙarfi dabara ce ta isa gida kawai, ba gyara ba ce.

Fatar da ta yi ƙyalli amma da sauran kauri, samfefa na iya farfaɗo da ita. Wadda ta sha mai kuwa a wanke ta da fetur, nesa da wuta da masu shan taba, a bar ta ta bushe a iska. Kada a wanke da gas, shi kansa mai ne. Sai dai wanki aikin banza ne in ba a toshe inda man ke fitowa ba: ko robar da ke tare mai a bakin akwatin giya ta mutu, ko an cika wa boris giris har ya riƙa watsawa. Fatar da man ya ratsa ta sosai, da ta yi zafi zai sake tsattsafowa, sai dai sabuwa. Kada kuma a zuba toka ko yashi da sunan ƙara kaushi. Akwai dai kulocin da aka ƙera don ya yi aiki cikin mai, kamar na hannu a Allis-Chalmers WD ta 1948, amma na taraktar hannu busasshe ne.

Ƙurar da ke cikin murfin kuloci ba ƙurar gona ba ce. Tsofaffin fatu da yawa an yi su da asbesto, wanda ke lalata huhu bayan shekaru. Kada a hure ta da baki ko da iskar famfo; a goge da jiƙaƙƙen tsumma a jefar.

In za a je sayen faifai, a Tahoua ne, ko Ƙonni, ko an tsallaka Illela zuwa Sakkwato, a tafi da tsohon a hannu. A ɗora shi kan sabon a ga faɗi ɗaya ne, a ƙirga haƙoran tsakiya. Faifai biyu kan yi kama a ido, a dawo gida ɗaya ya ƙi shiga. Sabon faifai kuma yana saurin zama a kwanakin farko, don haka a sake auna tazara bayan ƴan kwanaki na aiki.

Hannun direba

Mafi yawan kulocin da ke ƙonewa ba tsufa ke kashe su ba. Tirela ce aka cika da duwatsu ta kafe a yashin ƙorama, direba ya riƙe hannun a tsakiya, ba haɗe ba ba rabe ba, ya ba da wuta yana jiran ta fita. Minti biyu na wannan ya fi aikin wata guda cin fata. Abin yi shi ne a sa ƙaramar giya tun kafin a shiga yashi, in ta kafe a rage kaya, a tone gaban taya a shimfiɗa kara ko duwatsu. Wajen tashi, a haɗa kuloci a hankali amma a kai shi ƙarshe, sannan a ɗauke hannu daga kansa. Ba a rage gudu da kuloci, aikin giya da totur ne. Mai injin da ke ba yaro tuƙi ya gaya masa wannan tun ranar farko, ya kuma koya masa taɓa wasan hannun kowace safiya: ranar da ya ji wasan ya ragu, ranar za a ɗauko sifana.

Aikin aji

Ku rabu uku-uku, kowane rukuni ya nemi inji guda a gari mai kulocin hannu, da izinin mai shi, kuma inji a kashe. Ku gano ko mai sifirin ne ko mai kulli, ku rubuta alamar da ta nuna muku. In taraktar hannu ce, ku auna lotsawar bel da wasan hannu da rula, ku rubuta lambobin a santimita.

Sannan ku amsa waɗannan a littafinku. Wani ya auna yatsun kulocinsa ya sami 0,2 da 0,5 da 0,8: waɗanne ne suka fita daga ƙa'ida, kuma me direban zai ji wajen tashi? Wata tarakta tana fitar da baƙin hayaƙi, kukanta yana sauka in ta hau tudu da kaya: ina za ku fara dubawa, kuma don me ba kuloci ba?